Takalmin da Ke Kife a Lambun Fada

Yara talatin da huɗu na fita da su ranar, amma gaskiya hankalina a kan ɗaya yake. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajina na ƙarshe, a makarantarmu ta boko da Arabiyya da ke Moshi Zango a Kumasi, kuma ita kaɗai ce sai da na taka har gidansu sau uku kafin a yarda ta bi mu. Mahaifinta malami ne. Yana da zaure a bakin layinsu inda yake karantar da manya bayan la'asar, mutane kuma suna zuwa wurinsa neman addu'a, har da Tonawa, wato Asante masu garin, waɗanda sukan ajiye motocinsu nesa su ƙaraso da ƙafa. Mutum ne mara yawan magana, kuma dama can ba da son ransa yarinyar take karatun boko ba. Uwarta ce ta dage.

A zuwana na uku na same shi a kan buzu yana gyara alƙalami. Na durƙusa na gaishe shi, na sake karanto masa abin da na riga na faɗa sau biyu: tsohuwar fada ce da aka mayar gidan tarihi, abin da za su gani yana cikin abin da za a tambaye su a jarrabawa, kafin la'asar mun dawo.

"Madam, gidan gumaka za ki kai mini yarinya," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Na ce ba bauta za mu je yi ba, kallo ne da rubutu. Ya ajiye alƙalamin.

"To, ta je. Amma ki ji da kyau. Ni a garin nan ba ni da komai sai sunana. In na ji sunana ko nata ya fito a wata magana a can, ta gama boko. Ko jarrabawar ba za ta zauna ba."

Saura wata uku jarrabawar. Na ce na ji, na ɗauka, babu abin da zai faru. Na faɗa da wani irin ƙarfin gwiwa da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Mako guda na yi ina horar da su. Ni haifaffiyar Kumasi ce, na tashi ina jin Tonanci kamar Hausa, na san abin da ke ɓata wa mutanen nan rai. Na cika allo da dokoki. Kada wanda ya miƙa abu ko ya nuna abu da hannun hagu. In an tarar da manya a zaune, daga dama ake fara gaisuwa. Kada wanda ya ga kujerar itace ya ce ya gaji ya ɗora mata jiki, don kujera a wurinsu ba abin zama ba ce kawai. Kada a yi dariya a gaban siffofin sarakunan da suka shuɗe, kada kuma in ji wani ya ɗaga murya da a'uzu billahi, duk mai nema wa kansa tsari ya nema a zuci. Na sa sun haddace kamar karatun allo, wanda ya yi tuntuɓe ya sha rankwashi. Na yi zaton babu ƙofar da ban toshe ba.

Ranar Alhamis muka tafi, ni da abokiyar aikina mai koyar da Turanci, a wata doguwar mota da makaranta ta ɗauko mana daga unguwar Oforikrom. Tafiyar ba nisa, amma kafin mu isa na ƙirga su sau huɗu. 'Yan matan sun sha guga, hijabansu farare tas, mazan kuma an yi musu aski har ƙeyarsu tana ƙyalli. Yarinyar tana kujerar bayana da littafinta a cinya, ta riga ta ja layi ta rubuta kwanan wata.

Cikin gidan tarihin komai ya tafi daidai, har na fara sakin jiki. Wani dattijo mai fara'a, sanye da zane irin nasu, shi ya zagaya da mu ɗaki ɗaki. Ya nuna mana tsofaffin kujeru, da takubba, da ganguna, da teburin da wani sarki yake rubutu a kai. Da muka shiga ɗakin da siffofin sarakuna suke zaune kamar masu rai, na ji wata yarinya ta ja numfashi ta damƙe hannun ƙawarta, amma ba wanda ya yi ƙara. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san ma'anar wannan kallon. Yarinyar tawa kuwa tambayoyi take ta yi wa dattijon da Tonanci mai kyau, har ya juyo ya ce mini wannan lauya za ta zama. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da muka fito sai ya ce mu zaga ta lambu mu ga dawisu kafin mu tafi. Wuri ne mai ciyawa a gyare, da manyan itatuwa masu inuwa, tsuntsayen suna yawo abinsu kamar su suka gina gidan. Yara suka rikice da murna.

"Madam, dubi wutsiyansa, yana da kyau paa," in ji wani yaro, wato ƙwarai.

Na ce su shiga layi bibbiyu, kada wanda ya taka ciyawa, kada wanda ya tsinci ko gashi ɗaya. Ina gaba, abokiyar aikina tana baya.

Can gefen hanya, ƙarƙashin wata itaciya, wani tsoho yana zaune a kujerar roba. Kallo ɗaya na yi masa na san sarkin wani gari ne ya zo fada da wata buƙata yana jiran a kira shi. Babban zane ne a jikinsa, da zobba a yatsu, ga laima a naɗe an jingina da itaciyar. Mutanensa huɗu suna tsaye ɗan nesa da shi, sun haɗa kai suna magana ƙasa ƙasa, ɗayansu riƙe da sanda mai ado a kai. Tsohon gyangyaɗi yake yi. Ƙafarsa ta hagu a kumbure take, ya ɗora ta a kan ta dama don ta huta, takalmin wannan ƙafar kuma ya zame ya faɗi a kife. Na ga takalmin. Na gan shi da idona, na wuce, ina ta yi wa na gaba alama su rage murya.

Ban yi taku goma ba na ji wata irin tsawa a bayana.

Da na juya, ga abin da na gani. Yarinyar tana durƙushe a gaban tsohon, takalminsa a hannunta, ta kama bakin hijabinta tana goge masa ƙura. Tsohon ya farka a firgice da ya ji mutum a ƙafafunsa, ya zabura, ƙafar nan mai kumburi ta sauka a ƙasa, tafinta tsirara a kan turɓaya.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ƙafar sarkin Tonawa ba ta taɓa ƙasa. Ranar da za a tuɓe shi daga sarauta, abin da ake yi ke nan: a cire masa takalmi a sa tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, shi ke nan ya zama kamar kowa. Na san wannan tun ina yarinya. Ban rubuta shi a allo ba saboda ko a mafarki ban ga abin da zai haɗa ɗalibina da ƙafar sarki ba.

Abin da ya haɗa su kuwa ni ce. A Zango ba a barin takalmi a kife. Tun muna ƙanana ake ce mana bayan takalmi ba ya kallon sama, duk yaron da ya gani ya wuce ba shi da tarbiyya, in na babba ne kuma har gogewa ake yi a ajiye masa daidai ƙafarsa. A ƙofar masallacin makarantarmu na sha tsayawa da bulala a kan wannan. Yarinyar ba ta yi tunani ba, hannunta ne ya yi abin da aka koya masa a gida, ni kuma na ƙara masa ƙarfi.

Kafin in ƙarasa sun kewaye ta. Ɗaya ya fizge takalmin, ya durƙusa ya ɗaga ƙafar tsohon ya sa masa. Wani ƙaƙƙarfa mai jan ido ya kama ta a damtse ya miƙar da ita tsaye. Na kutsa tsakaninsu ban san lokacin da na yi ba, na ce da Tonanci ya sake ta, ɗalibata ce, ni zai yi wa magana. Ya sake ta, amma bai matsa ba. Na yi wa abokiyar aikina alama ta kwashe sauran zuwa mota. Ta kwashe waɗanda suka kwasu. Uku ko huɗu suka maƙale a bayan wata itaciya, ina ganin fararen hijabansu.

"Madam, wallahi ban yi komi ba, takalmin ne ya kife," in ji yarinyar.

Na ce ta rufe bakinta. Na zame takalmana, na durƙusa har ƙasa, na ɗora bayan hannun dama a tafin hagu yadda suke yi in suna roƙo. Ba a yi wa sarkinsu magana kai tsaye, sai ta bakin mai sandar nan, don haka shi na fuskanta. Na ce ya isar wa Nana, haka suke kiran sarki, cewa yarinya ce, kuskure ne, a wurinmu girmamawa ce, wanda ya ga takalmin babba a kife ya gyara.

Mai sandar dogo ne siriri, mai sanyin murya, kuma sanyin nan ya fi tsawar ɗayan ba ni tsoro. Ya ce ya ji. Ya ce amma in duba in gani: yara sun fi talatin, manya biyu, duk sun wuce, ɗaya ce tak ta fita daga layi ta nufi ƙafar Nana kai tsaye. Kuma ba kowace rana ba, yau, ranar da Nana ya zo a saurari ƙarar da wasu 'yan gidansu suka kawo suna neman a raba shi da kujerarsa.

Nan na gane zurfin ramin da muka faɗa. Ba rashin kunya suke zargi ba, aike suke zargi.

"Kowa ya san inda ake zuwa a garin nan in ana son a yi wa mutum aiki," in ji jan idon. "Zango ake zuwa. Wa ya aiko ta? Me ta shafa wa takalmin da mayafinta?"

Dattijon da ya zagaya da mu ya iso da sauri, yana ba su haƙuri, yana cewa shi ya ga yaran nan tun safe, masu ladabi ne, wannan ma ita ta fi su hankali. Suka saurare shi don girmansa, amma ba su janye ba. Mai sandar ya ce abu ne mai sauƙi. A faɗi sunan uban yarinyar da unguwarsu da sana'arsa. Za a aika a kira shi, ya zo ya yi bayani da bakinsa, ya kawo rago da abin sha, wato giya, a wanke ƙafar Nana. In ba shi da hannu, magana ta ƙare.

Ya juya ga yarinyar. "Waye ubanki? Me yake yi?"

Ina durƙushe, amma kaina yana gudu. In ta ce malami ne, an gama. In ta faɗi layinsu, a cikin mutanen nan huɗu da wuya a rasa wanda ya san zauren, ko ya san wanda ya taɓa zuwa. Malamin Zango mai yi wa Tonawa addu'a, 'yarsa kuma ta cire wa sarki takalmi ranar shari'arsa: ko ni aka ba wa labarin haka sai na yi shiru na yi tunani. Za a kira shi fada, sunansa zai zaga gari a kan abin da bai ji ba bai gani ba, a ce kuma ya sayo giya. Ita kuwa ta gama boko, ya riga ya faɗa, kuma ba mutum ne mai faɗa ya sake ba. Na ga bakinta ya buɗe za ta amsa, don yarinya ce da ba ta iya ƙarya ba.

Na riga ta.

"Ba ta da uba," na ce. "Marainiya ce. Ya rasu tun tana ƙarama. A hannuna take, ni ce uwarta ni ce ubanta. In akwai tara, a kaina take."

Ban shirya maganar ba. Fitowa ta yi kamar tari. Yarinyar ta juyo ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskar yaro ba, ta buɗe baki. Na miƙa hannu na kama kafaɗarta na matse, na matse har na ji ƙashi.

Mai sandar ya dube ni, ya dube ta. "Gaskiya ne abin da malamarki ta faɗa?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hawaye ne kawai suka ɓalle mata, ba sauti, suna sauka a kan hijabin da ta goge takalmin da shi. Ni na san abin da take yi wa kuka. Su kuma suka ɗauka sun fama mata tsohon ciwo.

Sai a lokacin tsohon ya yi motsi. Tun da abin ya faru yana zaune yana kallon ƙafarsa. Ya yafito mai sandar, ya yi masa magana a hankali, doguwar magana. Mai sandar ya miƙe ya gyara zanensa. Ya ce Nana ya ce shi ma bai san ubansa ba, a hannun mutane ya tashi, ya san yadda maraya yake rige-rigen yi wa manya hidima don a kalle shi da idon rahama. Ya ce ba zai karɓi ko ƙwai ɗaya daga hannun marainiya ba. Abin da ya taɓa ƙafarsa tsakaninsa ne da kakanninsa, shi zai ji da shi. Mu tashi mu tafi.

Jan idon ya so ya yi magana, tsohon ya ɗaga masa yatsa. Sannan ya dubi yarinyar, ya yi mata murmushi da bakinsa mara haƙora, ya ce da ita kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, ta yi karatu da kyau, Allah yana ganin marayu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi godiya, na sa takalmana a hagunce, na ja ta muka tafi.

A mota ba wanda ya yi waƙa irin ta zuwa. Na ƙirga su, talatin da huɗu, na sake ƙirgawa don hannuna ya sami abin yi. Waɗanda suka laɓe a bayan itaciya sun riga sun raba labarin, ina jin raɗa tana tafiya daga kujera zuwa kujera. Na miƙe na ce duk wanda ya kai maganar nan gida zai gamu da ni. Ina faɗa na san aikin banza nake yi. Yaran Zango talatin da huɗu, ai ko limami ya sa su rantsuwa kafin magariba an ji.

Mun kusa gida na ji an taɓa ni ta baya. Ita ce, ta leƙo ta tsakanin kujeru, idanunta sun kumbura.

"Madam, an ce baki yana kama mutum. Abin da kika faɗa, zai kama Baba?"

Tsoro ne a cikina, da kunya, da gajiya, kuma ni in waɗannan suka taru mini faɗa suke zama. Na ce ta yi mini shiru, ba don ita ba da duk wannan bai faru ba, in ceto ta kuma ta zo tana yi mini tambayar banza. Ta koma ta zauna. A duk abin da na yi ranar, wannan ne na fi jin ciwonsa.

Ranar Juma'a ba ta zo ba. Na koyar da darasi ina kallon gurbinta. Asabar da Lahadi ko kasuwa ban fita ba, duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Mijina ya ce in je in sami mahaifinta kafin ya same ni. Na sa mayafi sau biyu ina cirewa. Me zan ce masa? Na yi maka alkawarin sunanka ba zai fito ba, don haka na kashe ka?

Litinin ma gurbinta babu kowa. Ana cikin hutun rabin rana, ina zaune a ofishin malamai ina jan jan biro a kan littattafan da ban karanta ba, aka ce ina da baƙo. Mahaifinta ne, yana tsaye a baranda da farar riga da carbi, yara sun yi cirko-cirko daga nesa suna kallo. Na kore su, na kawo masa kujera. Bai zauna ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum.

"Madam, an ce na rasu."

Na fara bayani, kalmomi suna hawa kan juna. Na faɗi takalmin, da shari'ar, da zargin aike, da ragon da giyar. Ya bar ni har na ƙare.

"Na ji duk wannan," in ji shi. "Na je can."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce ranar Juma'a ya je fada ya nemi dattijon da ya zagaya da mu, shi ya gaya masa garin tsohon. Ranar Asabar ya ɗauki ragon da yake kiwo don layya, da ƙwaryar goro, da wani dattijon unguwa, suka shiga mota a tashar Sofoline. Ya tsaya a gaban tsohon da mutanensa ya faɗi sunansa da sunan ubansa da layin da yake zaune. Ya ce shi malami ne, yarinyar 'yarsa ce, yana raye, ba wanda ya aike ta, abin da ya koya mata ta yi. Ya ce musu giya kam ba zai iya kawowa ba, ga rago ga goro. Jan idon ya yi ta hayaniya. Daga baya tsohon ya sa aka karɓa, ya ce mutumin da aka riga aka yafe wa, ya biyo hanya da ƙafarsa ya tona kansa, ba shi ne mai aike ba.

"Tsohon ya tausaya mata a kan abin da ba haka ba ne," in ji malam. "Ba zan bar 'yata ta ci tausayin marayu ina zaune a zaure ba."

Abin da ke cina tun Alhamis shi na tambaya, muryata a ƙasa: jarrabawar fa?

"Na ce in sunana ya fito a can ta gama boko. Bai fito ta bakinta ba, bai fito ta bakinki ba. Ni na kai shi. Gobe za ta zo."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na fara roƙonsa gafara, ya ɗaga hannu.

"Ni ba ki yi mini komai ba, ga ni tsaye. Ita za ki roƙa. Tun ranar Alhamis duk inda na zauna tana gefena. Ko tari na yi sai ta miƙe. Na tafi masallaci ta bi ni ta tsaya a ƙofa har a idar. Na gaya mata rai a hannun Allah yake, ba a bakin Madam ba, ta ce ta sani. Amma ba ta daina ba."

Ya yi sallama ya tafi.

Washegari ta zo tun kafin a buga ƙararrawa. Na kira ta bayan aji, inda ba kowa. Shekaruna goma sha tara ina koyarwa a lokacin, ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Na ce abin da na faɗa a fada ƙarya ne, na yi ne don tsoro, kuma abin da na faɗa mata a mota zalunci ne, ta yafe mini. Tana kallon ƙasa tana murza bakin hijabinta.

"Na yafe, Madam." Ta ɗago ta dube ni. "Amma a gaban mutane kika faɗa. Ki janye a gaban mutane."

Na ce mutanen ai suna can garinsu, kuma babanta ya riga ya je.

"'Yan aji sun ji," ta ce.

Aka buga ƙararrawa, suka shigo suka zauna, suka yi tsit don sun ga fuskata. Na ajiye alli. Na tsaya a gaban allo, na ce ranar Alhamis na yi ƙarya a gaban manya da gabansu, na ce mahaifin wannan yarinya ya rasu. Na janye. Mahaifinta yana nan da ransa da lafiyarsa, Allah ya ƙara masa tsawon kwana. Amma maganar ta fito ƙasa ƙasa. 'Yan gaba suka ce amin. Ita tana zaune ta kafe ni da ido, ba ta ce amin ba, ta ɗan juya kai ta dubi na bayan aji, waɗanda ba su ji ba.

Na gyara murya na sake faɗa daga farko, da ƙarfi, har ajin da ke kusa da mu suka yi shiru. Duk ajin suka amsa. Sai a lokacin ta ce amin, ta buɗe littafinta.